Minti Ɗaya na Shiru a Batterie IV

Ranar Talata ce. An yi ruwa da la'asar ya ɗauke, unguwar Alibandeng tana ta tururi kamar tukunyar da aka buɗe. Alhaji Sabitu ya rufe butik ɗinsa, ɗan kantin da ke jikin gida, ya tsuguna a tsakar gida yana alwala. Matarsa Ƙulu tana bakin murhu tana juya miyar kifi. 'Yarsu Kamila na zaune a kan benci, abin sauraro toshe da kunnuwanta, na'urar ɗaukar sauti a cinyarta. Ladan bai kai ga buɗe baki ba, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya tsaya.

"Mangwaro ne," in ji Alhaji.

Babu bishiyar mangwaro a gidan, amma ba wanda ya tuna masa. Na biyu ya faɗo, sai na uku. Ƙulu ta daina juya miya. Da aka kai bakwai abin ya tsaya, aka kira salla, kowa ya yi kamar bai ƙirga ba.

Kamila tana da shekara ashirin da uku, a nan Libreville aka haife ta. Sati uku ke nan da wani ƙaramin kamfani mai shirya wasan talabijin ya ɗauke ta gwaji a sashen sauti, ƙarƙashin Oga Desmond, mutumin Kafanchan wanda ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar muryoyin mutane a garin nan. Aikinta riƙe doguwar sandar makirufo bisa kawunan 'yan wasa har hannu ya mutu, ba tare da inuwarta ta shiga hoto ba. Ranar Asabar za ta miƙa masa sautin da ta tsara na wannan satin, daga nan zai ce ta zauna ko ta tafi. Alhaji kuwa wata ɗaya ya ba ta, shi ma don Ƙulu ta hana shi sakat. A ganinsa fim wuri ne da ake shiga da kunya a fito ba ita.

Akwai wata al'ada a aikin. Idan an gama ɗauka a ɗaki, mai sauti yakan tsayar da kowa, a yi tsit na minti ɗaya, ya ɗauki shirun wurin. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike giɓin da ke tsakanin maganganu lokacin haɗa fim. In babu shi, sautin yakan yi ta tsalle kamar mota a kan ramuka.

Ran Litinin an yi aiki a wani tsohon gida a unguwar Batterie IV, wanda ya daɗe ba kowa ciki. Da yamma ta yi Desmond ya ce Kamila ta ɗauki shirun da kanta, karo na farko. Ta roƙi shiru da Faransanci. Masu fitila suka ci gaba da naɗe waya, mai kwalliya tana dariya a waya. Ta sake roƙo, ba wanda ya waiwayo, don ba a sauraron 'yar gwaji in rana ta kusa faɗuwa. Ranta ya ɓaci, harshen gida ya kuɓuce mata.

"Don girman Allah, duk wanda ke cikin gidan nan ya yi shiru, sai na ce an gama."

Ba wanda ya fahimta sai Desmond, amma muryar ta isa. Wuri ya yi tsit. Minti bai gama cika ba direban kamfani ya danna oda a waje, kowa ya kwashi kaya ya nufi mota, ita ma ta kashe na'ura ta bi su.

Wannan mintin take saurare a kan benci sa'ad da duwatsun suka faɗo. Sau huɗu tana maimaita shi. A ƙarƙashin shirun, can ƙasa, akwai numfashi, a hankali, kamar na mai ƙoƙarin kada a ji shi. Ba wanda ya tsaya kusa da makirufo ran nan.

Mai hankali zai iya cewa kwano yakan yi ƙara in ya sha rana ya sha ruwa, kuma yarinyar da ke barcin awa huɗu za ta iya jin numfashi ko a cikin tulu. Maƙwabciyarsu Sarah, ma'aikaciyar jinya, haka ta ce, ta kuma ba da ƙwayar ciwon kai. Sai dai kwano ba ya barin tsakuwa a tsakar gida, kuma Ƙulu ta share guda bakwai da safe, farare, irin waɗanda masu hali ke zubawa a farfajiya.

Ran Laraba Kamila ta daina magana. Ba ta yi zazzaɓi ba, ba ta faɗi ba. Tana ci, tana salla, idan an tambaye ta sai ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Da rana ta yi ja, duwatsun suka dawo. Wannan karon Alhaji bai ambaci mangwaro ba. Ya fita ya zaga gidan da sanda, ya dawo bai ga kowa ba sai wata akuya, wadda ita ma ba ta da bayani. Yana shigowa ya tarar da 'yarsa tsaye a tsakiyar gida, hannuwanta biyu a sama kamar tana riƙe da sandar makirufo, alhali ba komai a hannun. Ta fi rabin awa a haka. Ƙulu ta kama hannun ta ja, ya ƙi saukowa.

"Kin ga abin da nake faɗa," Alhaji ya ce da ƙaramar murya. "Fim."

"Alhaji, ka je ka kira Malam. Wa'azin ya jira."

Malam Hamadou mutumin Damagaram ne, yana zaune a unguwar Derrière la Prison, inda yake karantar da manya bayan asuba. Ba ya son hayaniya, ba ya kuma yanka komai. Ya iso ran Alhamis da yamma a taksi, da ƙaramin Alƙur'ani da gorar ruwa. Ya tambayi abin da yarinyar ke ci da awannin barcinta kafin ya tambayi komai, abin da ya ɗan sanyaya gwiwar Alhaji, wanda ya yi tsammanin turare.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Kamila ta zauna. Haske na janyewa daga bango. Malam ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Ya daɗe yana yi. Motocin titi suka yi nisa, rediyon maƙwabta ya mutu, har kwaɗin magudana suka yi shiru. Dutse ɗaya ya faɗo, bai gangaro ba. Sai Kamila ta ɗago kai, bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ta tsoho ce, busasshiya, mai Hausar da aka daina ji a kasuwa.

"Ya isa, Malam. Ni ma na san surar."

Ƙulu ta dafe bango.

"Salamu alaikum, bawan Allah," in ji Malam. "Wane ne kai?"

"Wa alaikumus salam. Ka ga, kai ka yi sallama. Sunana ba zai amfane ka ba. Da fatake na zo garin nan, tun ana saukowa daga jirgin ruwa. Gidan can nawa ne, ni da iyalina."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Mutum talatin sun shigo mini da fitilu da wayoyi, ban ce komai ba, baƙi ne, ba su san kowa ba. Ita kuwa 'yar gida ce. Ba ta yi sallama ba, ta haɗa mu da girman Allah ta ce duk wanda ke cikin gidan ya yi shiru sai ta ce an gama. Muka yi shiru. Ta tafi."

Malam ya ce, "Ba ta ce an gama ba."

"Yau kwana uku. Matata ba ta ce uffan ba, jikokina ba su yi kuka ba. Ni da aka haɗa da Allah, ya zan yi? Da me zan yi magana in ba da dutse ba? Shi ma ba a gane ba. Dole na ari bakinta."

Alhaji ya matso, ya gyara murya. Tsoro yana jikinsa, amma ɗan kasuwa ba ya ganin dama ya bar ta ta wuce.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri. Ka faɗa mata ta bar aikin nan, yau ɗin nan. In daga bakinka ne za ta ji."

Kan Kamila ya juya gare shi a hankali.

"Ina ruwana da aikinta? Kai ka haife ta, ka faɗa mata da bakinka."

Alhaji ya koma inda ya taso.

"Me kake so?" Malam ya tambaya.

"Ta koma ta sallame mu. Abin da ta ɗauka kuma ta goge. Numfashin matata ne a ciki, ba za a watsa shi a ɗakunan mutane ba."

Nan Ƙulu ta saki bango. Ta matso bakin tabarma.

"Allah ya gafarta Malam, ka roƙa mana shi. In ta goge, ran Asabar ba ta da abin miƙawa. Shekara biyu tana neman ƙofar nan. Kuskure ta yi, ba raini ba."

"Ba da ke nake magana ba," in ji muryar.

"Ni da kai nake yi. Kai ma kana da jikoki."

Tsakar gidan ta yi nauyi. Duhu ya kai gwiwa. Malam bai ɗago daga littafinsa ba ya ce, "Hakkinka ne a goge, za a goge. Amma mai gida ba ya korar wanda ya zo ban haƙuri hannu wofi. Ka ba ta minti ɗaya, da saninka, da izininka. Ka janye iyalinka bayan gida, ta ɗauki shirun ɗakin, ta sallame ku."

"Ba da magariba ba," in ji muryar.

"Bayan la'asar."

"Ita kaɗai za ta shiga. Ta yi sallama, ta jira amsa."

"In ba ta ji amsar ba fa?"

"Mai sauti ce. Ta saurara."

Malam ya karanta abin da ya rage, ya yayyafa ruwa. Gaɓoɓin Kamila suka saki, ta kifa a jikin uwarta. Ladan ya kira salla. Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa, da muryarta, shi ne, "Umma, yau wace rana ce?"

Ran Juma'a bayan la'asar suka tafi Batterie IV su uku, don Alhaji ya ce ba zai bar mata biyu su je su kaɗai ba, ko da yake a bakin ƙofa ya tsaya tare da mai gadi yana tambayarsa farashin siminti. Kamila ta taka farar tsakuwar farfajiya ta shiga falo. Ta yi sallama. Ta jira. Abin da ta ji ko ba ta ji ba, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta goge tsohon mintin, ta ɗaga sanda, ta kunna na'ura, idonta a kan lambobi har suka cika sittin. Sannan ta kashe.

"An gama," ta ce. "Na gode. Ku yafe mini."

Wata ƙofa a can ciki ta buɗe ta rufe. Tsofaffin gidaje suna da iska.

Ran Asabar Desmond ya saurari aikin a ofis, idonsa a rufe. Da ya zo kan mintin sai ya tsaya, ya mayar da shi baya, ya sake mayarwa.

"Wannan ba na ran Litinin ba ne."

"Na sake shi, Oga. Na farkon bai yi ba."

"Shekara goma sha biyar ina garin nan, ban taɓa samun shiru ba taksi, ba kare, ba tsuntsu ba. Ya kika yi?"

"Na roƙi masu gida."

"Gidan ba kowa, Kamila."

"Haka ne, Oga."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya ga ba za ta ƙara ba, shi ma bai ga dalilin tonawa ba. Ya cire abin sauraron ya miƙa mata.

"Litinin, ƙarfe shida. Akwai wani tsohon sito a bakin ruwa, kwana goma za mu yi a can. Ke za ki riƙe sanda."

"Oga, in ba damuwa, a ba ni makulli. Ina so in riga kowa shiga da rabin awa."

Ya ba ta. Har yau, in ana hirar yaran zamani da rashin son aikinsu, Desmond yakan kawo misalin Kamila, wadda ba ta taɓa bari wani ya riga ta shiga wurin aiki ba.