Dutsen da Auta Ta Matse

Da yamma liƙis ƙanwata Auta ta ce in raka ta ɗakin kwamfutocin sashensu, za ta gwada darasin gobe. Ilimin duwatsu take koyarwa a jami'a. Ni ban san komai a kai ba, jaka kawai na riƙe mata.

Ɗakin babu kowa, sai ƙaurin wayoyi da fanka ɗaya tana ƙiiƙii. Ta buɗe manhajar da take nuna wa ɗalibai yadda dutse ke lanƙwashewa idan ƙasa ta matse shi. Ta saka hotunan wani dutse da suka je aunawa makon jiya. Ya fito a allo, shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar an jera katifu.

"Yaya, kalli. Aikin miliyoyin shekaru, da yatsa ɗaya zan yi shi."

"Ke dai yi sauri, magariba ta kawo kai."

Ta ja linzamin kwamfutar. Shimfiɗun suka fara tanƙwarewa.

Sai muka ji nishi. Ba daga sifika ba, daga ƙarƙashin ƙafafunmu.

Fanka ta tsaya. Warin ɗanyar ƙasa ya cika ɗakin, kamar yanzu aka tona rami.

"Auta, saki abin nan."

"Na saki," ta ce cikin raɗa. "Shi ne bai sake ni ba."

Hannunta na manne da linzamin, yana tafiya da kansa. A allo, tsakanin shimfiɗu biyu, wasu baƙaƙen ɗigo suna ta guje-guje. Manya na jan ƙanana. Rufinsu yana sauko musu.

Na ɗaga kai. Namu ma yana saukowa.

Fiffiken fanka ya taɓa saman kabad. Tayil na fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Muryar wata tsohuwa, dab da kunnena: "Da yara a ciki."

 Na rarrafa na fizge wayar wuta daga bango.

Allon bai mutu ba.

"Mayar da shi baya, Auta! Baya!"

Ta ɗora ɗaya hannun tana ja, tana kuka. "Ku yi haƙuri, ban san kuna ciki ba."

Linzamin ya motsa kaɗan. Shimfiɗun suka soma miƙewa. Nishin ya lafa. Hannunta ya saku, ta zube a jikina.

Ƙofar ta karkace. Da rarrafe muka fita ta ƙasanta, ina jan Auta, gwiwoyinmu duk jini.

Washegari masu duba gini suka ce harsashi ne ya zauna, aka garƙame ɗakin. Yatsun Auta na dama kuwa ba su sake miƙewa ba. A asibiti likita ya daɗe yana juya hoton ƙashinta a gaban fitila. Ya ce babu karaya, babu tsaga, kuma shi bai taɓa ganin abu mai tauri haka ya lanƙwashe bai karye ba.

Auta ta kalli hoton, ta ja mayafi ta rufe hannun.

"Ni na gani," ta ce.