Wa Zai Ɗaura Igiya?

A zamanin da, a wani gari, wani ƙaramin yaro ya faɗa rijiyar bakin kasuwa. Maza suka taru suna leƙe suna salati, kowa ya riƙe baki, amma babu wanda ya ce zai shiga.

Sai wata yarinya mai suna Tasalla ta ajiye tulunta ta ce, "Ku ɗaura mini igiya." Aka ɗaura mata a ƙugu, aka zura ta cikin duhu, ta fito rungume da yaron yana numfashi.

Kakar Tasalla ta ga komai da idonta. Washegari a ƙofar mai gari, ta ji maroƙi yana yabon zaratan mazan da suka ja igiya, ɗaya bayan ɗaya. Ta kasa kunne har ganga ta yi shiru, ba ta ji sunan jikarta ba. Tsohuwa ta riƙe baki.

Ta je ta ɗauko igiyar, ta jefa tsakiyar taro.

"Ranka ya daɗe, takalmin yaron yana can ƙasan rijiya. Cikin zaratan nan, wa zai ɗaura igiya?"

Wannan ya ce bayansa na ciwo, wancan ya ce bai karya kumallo ba.

Ta juya ga maroƙi. "To, kai mai baki, sake waƙar tun daga farko!"

Maroƙi ya kalli mai gari, mai gari ya sunkuyar da kai. Ganga ta tashi, sunan Tasalla ne ya fara fitowa.