Sai Tiyumba Ta Taka

"Sake ta mu gani," in ji Wumbei.

"Sau goma na sake ta tun safe. Zama take yi daɓas."

"To ki tsaya can ki nuna mata ƙuli-ƙuli..."

"Haƙori huɗu gare ta, maigida. Kai dai tsaya a kan injin babur da ka iya."

Sanatu ta ɗauke 'yar ta karkaɗe mata ƙasa. Tiyumba, mai wata goma sha ɗaya, ta bi iyayenta da kallo tana tsotsar yatsa, ba abin da ya dame ta.

Tun da aka yi suna Sanatu take gidan ubanta a wani ƙauye bayan Savelugu, kamar kowace mai haihuwar fari. Ba ta komawa ɗakin miji a Tamale sai ɗa ya taka da ƙafarsa. Haka aka yi wa uwarta da kakarta, kuma ba a taɓa tambayar jariri ko ya yarda da nauyin da aka ɗora masa ba.

Shekara bakwai tana kirɓa kaɗanya a ƙungiyar matan unguwarsu, har tafin hannunta ya yi kanta. Da ta gaji ta shiga ajin manya da ake yi da la'asar a firamare, ta zauna kan bencin yara har ciki ya hana ta shiga. Bayan haihuwa, Wumbei ne ke karɓo mata darasi wajen malama, ya kawo duk Asabar. Yanzu ƙungiya na neman mai duba ingancin man kaɗanya, aikin albashi, kuma sai mai takardar shaida. Jarrabawa jibi Litinin a Tamale, kwana uku a jere. Shugabar ƙungiya ta aiko cewa ba za ta jira wata shekara ba.

"Ka roƙi Gwaggo," Sanatu ta ce a hankali.

"Haba masoyiyata... Mijin da ya nemi matarsa kafin ɗa ya taka? Har makaɗa sai sun sa ni a waƙa."

"Su sa ka mana. Waƙa kwana nawa take yi?"

"Ba za ki gane ba. A gareji ma..."

"Na gane sarai. Kunyarka ta mako guda ce, turmina na har abada." "Kalli hannuna, Wumbei. Ka ce kana son sa. To ni na gaji da shi."

Ya kalli hannun. Ya miƙe ya cire takalmi.

Uban Sanatu yana ƙarƙashin mangwaro. Da ya ji inda zancen ya dosa, sai ya tuna yana da akuya a ɗaure a bayan gida. A gidan, maganar 'ya'ya mata ta ƙanwarsa ce, Gwaggo Napari, wadda ta binne maza biyu ba ta yi kewar ko ɗaya ba.

Wumbei ya durƙusa gabanta, ya amsa gaisuwa, "Naa... naa," har gwiwarsa ta yi tsami. Sanatu ta laɓe a bakin ɗaki da goyo.

"Gwaggo, alfarma na zo nema. Kwana uku kacal..."

"Wata goma sha ɗaya ya fi ƙarfinka ke nan?" Tsohuwar ta ci gaba da ɓare gyaɗa. "Ubanka shekara biyu ya yi, bai mutu ba."

"Jarrabawa ce, Gwaggo."

"Kowane zamani da sunan da yake ba abin. Mu a namu, ciwon uwar miji ake cewa. A tafi dubiya a dawo da ciki, jaririn da ke goye ya rame ya lalace. Na binne irinsu, ɗan nan. Ba labari aka ba ni ba."

Sanatu ta ji hawaye na bin kuncinta. Ta san ba mugunta ba ce, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Wumbei ya laluba aljihu, ya ajiye makullin babur da na ɗakinsa cikin kwaryar gyaɗar.

"In ni ne abin tsoron, ga ni. Ita ta tafi Tamale, ni in zauna nan har ta dawo."

"Garejin fa?" Sanatu ta fito ba ta sani ba. "Ranar kasuwa ce Litinin..."

"Ba da ke nake ba, hasken idona. Da Gwaggo nake."

Gwaggo Napari ta juya makullan da yatsa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, kamar mai taya ragon da bai yi mata ba.

"Suruki ya kwana gidan surukai, matar tana birni. Wannan waƙar ta fi waccan daɗi, ka sani?"

"Na sani."

"Nan ba a ciyar da mai zaman banza. Akwai kunyar doya ɗari uku da ba a tayar ba."

"Zan tayar."

"Da wannan hannun na shafa baƙin mai?" Ta ja tsaki, ta ƙulle makullan a bakin zanenta. "Ke, daina yi mana kuka, je ki wanke min mayafi. Wa zai riƙe miki 'yar kina rubutun? Wannan uban nata?"

Maza kan ce za su iya mutuwa saboda mace. Mutuwa sau ɗaya ce, ba ta kuma bukatar sunkuyo a gona.

Lahadi da hantsi motar Tamale ta tsaya a bakin hanya. Gwaggo ta riga kowa shiga, ta ƙwace kujerar taga. Daga gonar gefen titi Wumbei ya taho, garma a kafaɗa, laka har gwiwa, tafinsa duk ya yi bororo ya faffashe.

"Nawa ka tayar?" Sanatu ta tambaya.

"Goma sha tara."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "In na faɗi fa, maigida?"

"Kada ki soma. Saura ɗari biyu da tamanin da ɗaya."

Direba ya danna ham. Ta kama hannunsa ta matse a gaban mutane, ya cije leɓe saboda zafi, bai janye ba. Gwaggo ta juya fuska ga taga, ta shiga nuna wa Tiyumba wata saniya da ke nesa.