Matar da Ta Durƙusa Gefen Taya

Tun da dusar ƙanƙara ta binne matarsa Unnur a mashigin wani tsauni, Hjalti mai ɗaukar hoto bai sake hawa ba sai daren nan. Can sama motarsa ta kafe. Yana cikin haƙa da shebur, wata mata ta fito daga duhu, fuska a lulluɓe, ta durƙusa gefen taya.

"Rage mata iska mana," in ji ta.

Ya rage. Numfashinsa na tururi, nata babu. Ƙanƙarar da ke sauka a hannunta ba ta narkewa.

"Har yau sai an gaya maka, sarkin taurin kai?"

Mace ɗaya ce ta taɓa kiransa haka.

"Unnur, shiga mota, akwai sanyi."

"Ai na daina ji," ta ce a hankali.