Lambar Waya a Bayan Kifi

"Yaya Hanifa, wanga mutum lahiyarshi ƙalau kuwa? Mi ya sa yana kama kihi yana hana shi mutuwa?"

Munira ce ta yi tambayar, ƙanwar Hanifa 'yar shekara shida, kuma da ƙarfi ta yi ta. Suna kan hanyar kai wa masu yankan shinkafa abinci ne a fadamar ƙauyensu da ke kusa da Argungu. Ruwan damina ya janye ya bar ƙananan tafkuna nan da can, a cikin ɗaya daga ciki kuwa wani saurayi ne tsaye, laka har gwiwa. Sai ya ɗebo kifi da raga, ya gwada tsawonsa da ma'auni, ya maƙala masa wani abu rawaya a baya, sannan ya saka shi cikin duro mai ruwa a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Kunya ta kama Hanifa, ta toshe bakin yarinyar. Shi kuwa dariya ya yi har ragar ta kusa suɓuce masa.

Ya ce sunansa Ikrima, daga Gesse yake a Birnin Kebbi, ilimin kifi ya karanta. Aikin na wata huɗu ne kawai a shekara, daga kaka zuwa tsakiyar sanyi. Idan ambaliya ta koma, 'ya'yan giwan ruwa da balli da yauni sukan maƙale a tafkunan da za su ƙafe, shi da abokan aikinsa suke kwashe su su mayar da su ruwa mai zurfi.

Hanifa ɗiyar masunci ce, tun tana ƙarama take taya innarta banda. Ba ta taɓa jin an kama kifi don a sake shi ba. Ta gyaɗa kai kawai ta wuce, amma sau biyu tana waiwaye, sau biyu kuma suna haɗa ido.

Bayan mako biyu tana gyara kifin da aka kamo daga kogi, sai ga wani balli da abin nan rawaya a bayansa. Ta wanke shi, ta ga ashe ɗan siririn roba ne, an rubuta lambar waya a jiki. Ta daɗe tana juya shi a hannu kafin ta ɗauki wayarta ta tura wa lambar saƙo.

"Salam. Kifinka guda yana cikin tukunyarmu. Sai haƙuri."

Amsa ta zo nan take. "Allah ya jiƙansa. A ina aka kama shi, kuma tsawonsa nawa? Da wa nake magana?"

"Yayar wadda ta ce ba ka da lafiya."

"To lallai yau na warke."

Daga nan saƙo ya ƙi ƙarewa. Shi yana kiranta 'Yar Kabawa, ita tana kiransa Mai Saki. Yakan rubuto mata yawan kifin da suka ceto a rana, ita kuma ta gyara masa sunayensu, don rabin abin da ya koya a makaranta da Turanci ya san shi. Wata rana ya rubuto: "'Yar Kabawa, komai na kama ina sakinsa, amma ke ban ga ranar ba. Ki ba ni izini in turo kawuna."

Ta ba shi. Sai dai kafin kawun ya zo, magana ta riga shi isa gida.

Mahaifin Hanifa, Malam Maigandi, shi ne mai tsaron Gurbin Hodi, wani wuri mai zurfi a kogin da ake rufewa tun farkon damina. Ba mai jefa raga a ciki sai ranar da shi Maigandi ya buɗe shi da bazara, gari duka ya shiga. Haka ya gada daga ubansa. Shekara uku ke nan gurbin ba ya ba da abin kirki, har mutane sun fara raɗe-raɗin cewa tsaron ne ya yi sanyi.

Dikko, wani dillalin albasa da ya daɗe yana neman Hanifa tana kakkaucewa, shi ya kawo labarin. Ya ce da idonsa ya ga yaron nan na Birnin Kebbi a bakin gurbin da rana tsaka, da mota da durarruka, yana jefa raga.

Malam Maigandi ya kira ɗiyarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce dama aikin wata huɗu ba aikin riƙe mace ba ne, amma wannan da sauƙi. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya ba ɓarawon gurbinsa ɗiya.

"Baba, ba kamawa yake ba, saki yake."

"Mai saki mi zai yi da raga, Hanifa?"

Hanifa ta tashi. Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Ikrima: "Da gaske ka jefa raga a Gurbin Hodi?"

"Eh, sau uku. Muna da takarda daga ofis. Bari in yi miki bayani."

Ba ta bari ba. Ta kashe wayar ta tura ta ƙarƙashin katifa. Kanta ya ɗaure ƙwarai. Ta san Dikko da son zuciya, amma ga shi bai yi ƙarya ba. Ta san hannun da ya kwantar da kifi a duro ba hannun ɓarawo ba ne, amma ga mai hannun ya amsa da bakinsa. In ta yarda da Ikrima ta ƙaryata ubanta, in ta yarda da ubanta ta ƙaryata idonta. Innarta ta lura banda tana ƙonewa a hannunta, abin da bai taɓa faruwa ba.

Aikin ya ƙare, Ikrima ya koma birni. Saƙonninsa suka taru a wayar da ba a kunnawa. Dikko kuwa ya ƙara yawan gaisuwa.

Ranar buɗe gurbi ta zo. Malam Maigandi ya yi addu'a ya ba da izini, maza suka faɗa ruwa da goruna da ragar homa. Ba a jima ba aka fara ihu. Kifi ne ake fitarwa irin wanda aka daɗe ba a gani ba, balli da yauni da matasan giwan ruwa masu tsawon hannu. Sai dai murnar ta gauraye da tsoro, don da yawansu suna ɗauke da abu rawaya a baya. Wani ya ce laya ce, wani ya ce guba aka sa musu, wata tsohuwa ta ce kada kowa ya ci sai an tambayi malamai.

Hanifa tana tsaye cikin mata. Ta kutsa har gaban mahaifinta, ta durƙusa, ta cire robar daga bayan wani yauni ta miƙa masa.

"Baba, lamba ce. Duk wanda ke ɗauke da wannan, daga tafkin da ya ƙafe aka ɗauko shi aka kawo nan. Na san mai lambar."

Malam Maigandi ya dubi tulin kifin. Sannan ya ciro wayarsa ya ce ta karanto masa.

Washegari Ikrima ya iso da kawunsa, suka zauna a zaure. Ya yi bayanin da aka hana shi yi: gurbin suka zaɓa don shi kaɗai ne wurin da ba a taɓawa, ragar kuwa don a duba ko waɗanda aka zuba suna raye ne, a gwada su a mayar. Ya fito da takardar ofis.

Malam Maigandi bai ko karɓe ta ba.

"Ɗana, wagga takarda ta san sunan ubana? Ka zubo muna alheri, na gani. Amma ka shiga ruwan da ni kaina ba ni shiga, ba ka yi sallama ba. Da wani yaro ya gan ka ya kwaikwaya, da shi ke nan, tsaron shekara saba'in ya tahi."

Ikrima ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Baba. Ban san ana tambaya ba, kuma ban nemi sani ba. A gafarce ni."

Maigandi ya tambaye shi abin da yake yi sauran wata takwas. Kawun ya ce Ikrima yana da tafkunan kiwon tarwada biyu a bayan gidansu. Tsohon ya yi murmushi, ya ce to ashe akwai wanda yake kamawa ba ya saki. Sharaɗi ɗaya ya kafa: duk kaka, kafin duro ɗaya ya isa gurbi, a zo wannan zauren tukuna.

Da yamma Hanifa ta kunna wayarta. Saƙo arba'in da ɗaya, bayanin duka yana cikin na farko. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta rubuta: "Mai Saki, ka yafe mini."

"'Yar Kabawa, ai na ce miki ke ban ga ranar ba."

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure. Aka kai amarya Gesse da kwando guda na bandar innarta, Munira tana gaban mota tana gaya wa kowa ita ta fara ganinsa. Malam Maigandi ya dafa kan ɗiyarsa ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya cika gidansu kamar yadda gurbi ya cika bana.

Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, ni uwa ce, kuma abin da zan gaya wa tawa ɗiyar nake gaya miki. Idan kanki ya ɗaure a kan mutum, ya ce bari in yi miki bayani, kada ki kashe waya. Ki ji shi har ƙarshe, sannan ki kai maganar gaban manya. Hanifa kifi ya yi mata shaida, ke ba lallai ki samu mai yi miki ba.