Sanyin Da Ya Biyo Baba Gida

Abin ya fara ne da tukunyar shayi. Ana gab da magariba Umma ta ɗora ruwa a kan wuta, ta kwashe shanya, ta dawo, ruwan bai ko motsa ba. Wuta na ci sosai. Ta kai yatsa gefen tukunyar ta janye da sauri, don sanyi ta ji kamar ƙanƙara.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta dai sauya tukunya, ita ma haka.

Maigidan mai walda ne, yana cikin masu aikin sabuwar gadar da ake ɗorawa a kan kogi. Ba ƙananan haɗi ake ba shi ba, manyan ƙarafan da za su ɗauki nauyin gadar su yake haɗawa, kuma duk unguwa an san haka domin shi da kansa yake faɗa. Ko abinci ake ci sai ya kawo zancen. Ya ce ƙarfe mai kauri ba a faɗa masa da walda yana sanyi. Sai an bi shi da wutar gas a hankali, a ɗumama shi ciki da waje, a goga masa wani alli, in allin ya narke to ya kai. In aka yi gaggawa, haɗin zai fito sumul a ido, amma can ciki ya tsage kamar silin gashi, yana jiran ranar da kaya zai hau.

Yayarsa, wadda yaran gidan ke kira Gwaggo, takan ce, "Mun ji, injiniyan da bai shiga aji ba. Bar mu mu haɗiye lomarmu."

'Yarsa ce kaɗai ke saurara har ƙarshe. Ana ce mata Shiru-shiru, don ko a makaranta in malami ya kira ta, sai ya matso kafin ya ji amsa. Ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli Baba yana magana ba, amma duk abin da ya faɗa tana riƙe da shi.

A wannan makon Baba ya daina zancen gada. Yakan dawo, ya cire takalman aiki a bakin ƙofa, ya zauna yana kallon hannunsa.

Washegarin ranar tukunya aka fara jifa. Da rana ta faɗi sai a ji ƙwal a kan kwanon rufin gida, a yi shiru, a sake ji. Gwaggo ta fita da tsintsiya tana zagin 'ya'yan maƙwabta, ba ta ga kowa ba. Da safe Umma ta share tsakar gida, abin da ta tara ba duwatsu ba ne. Guntayen sandar walda ne, ƙonannu, irin waɗanda ake yarwa in an gama aiki. Ta kai wa Baba a tafin hannu. Ya duba, ya ce ƙila daga aljihunsa suka zubo.

Daga nan duk wani ƙarfe na gidan ya ɗauki sanyi. Cokula, makulli, ƙafar gado, hannun ƙofa. Kuma in gari ya yi tsit, ana jin wani ɗan ƙwanƙwasa daga cikin ƙofar ɗakin Baba, a hankali, kamar yaro ne ke bugawa da ɗan yatsa daga ciki.

Ranar da abin ya kai ga Shiru-shiru, tana wanke kwanuka ne da yamma. Umma ta ji ƙarar kwanukan ta tsaya. Ta leƙo ta same ta a tsugune, ta kafa kunne a jikin bokitin ƙarfe, tana rarrashi da wata murya mai kauri ta tsohuwar mace. "Yi haƙuri, ɗana. Ina nan. Yi haƙuri." Da Umma ta taɓa ta, jikin yarinyar ya fi bokitin sanyi.

Gwaggo ce ta je ta kira Malam, wani dattijo mai ruƙiyya da ke bayan layinsu. Ya shigo bayan sallar magariba, ya sa aka kwantar da yarinyar a falo aka lulluɓe ta, ya zauna daga wajen kanta ya fara karatu. Baba na tsaye a jikin bango. Maƙwabta sun cika bakin taga, ba wanda ya iya korar su.

An jima ana karatu kafin yarinyar ta buɗe ido. Ba Malam ta kalla ba. Baba ta kalla, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

Malam ya ce, "Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba," in ji muryar. "Ita ce dai mai kunne a gidan."

"To me ya kawo ki?"

"Tambayi mai wuta."

Baba ya sunkuyar da kai. Malam ya ce ita ya tambaya.

Muryar ta yi ajiyar zuciya. Ta ce tun kafin a kawo ƙarafa su suke zaune a bakin kogin. Da aka jibge waɗannan manyan ƙarafa masu rami a ciki kamar akwati, sai yaransu suka riƙa shiga suna barcin rana, don akwai sanyi. Ba su taɓa samun matsala da mai wuta ba. "Mutumin kirki muka ɗauke shi. Kafin ya rufe bakin ƙarfe yakan ɗumama shi a hankali. Da ɗumi ya ratsa, yara su farka su fito. Har mukan ce wannan ɗan Adam ya iya sallama."

"Sai me ya faru?"

"Rannan gas ɗinsa ya ƙare da yamma. Mai duba aiki ya tafi. Shi kuma ya riga ya cika baki cewa kafin safe ya gama. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya goga allinsa a ƙarfe mai sanyi, ya ƙyasta ashana ya narkar da shi don a ga alama. Ya rufe haɗin. Autana na ciki yana barci."

Wani daga bakin taga ya yi tari. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. Gwaggo, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta zauna a ƙasa.

Malam ya ce, "Ku da kuke ratsa bango, ƙarfe ne zai hana ki ɗauko ɗanki?"

"Da bisimilla ya rufe," in ji ta. "Abin da aka rufe da sunan Allah ba ma iya buɗewa."

 A nan ne Baba ya sulale ya zauna a jikin bango.

Malam ya juyo. "Haka aka yi?"

Baba ya ce, "Haka aka yi, Malam."

Muryar ta ce ita abu ɗaya ta sani: ɗanta na cikin sanyi, to 'yarsa ma za ta zauna cikin sanyi har ranar da gadar ta tsage ta buɗe da kanta. Kuma za ta buɗe, domin yaron ya ce yana ganin haske ta wata 'yar tsaga. Malam ya ce ba a kama wani da laifin wani, ya ɗaga murya da karatu har jikin yarinyar ya fara rawa. Muryar ta ce ya dakata.

"To ya je ya buɗe da hannunsa."

Baba ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Ba a yanka haɗi irin wannan sai injiniya ya yarda. Zai tambaye ni dalili."

"Sai ka gaya masa," in ji Malam.

 Ana jin ƙwanƙwasan nan daga ƙofa, ya fi na kullum rauni. Baba ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun yi fari fat.

"Gobe da safe," ya ce.

Malam ya sa mai muryar ta yi rantsuwa cewa za ta fita daga jikin yarinyar yanzu ba sai gobe ba. Ta ce ta yarda, amma sanyin gidan zai zauna har ta rungumi ɗanta. Yarinyar ta yi atishawa, kanta ya langaɓe, sai ga kuka da 'yar muryarta ta kullum.

Baba ya je. Aka yanka haɗin, aka ga tsagar a ciki, doguwa, daidai inda nauyi zai sauka. Daga ranar ƙwanƙwasan ya daina, sanyin gidan kuma ya fara janyewa a hankali. Ba a kore shi ba. An dai karɓe walda daga hannunsa aka ba shi wutar gas, ya riƙa ɗumama wa waɗanda shi ya koya wa aiki. A unguwa ba wanda ya yi masa maganar, sai dai in ya zo wucewa hira takan tsaya.

Shiru-shiru kuwa ta daina fitowa in yana gida. An gaya wa kowa ba ta tuna komai ba, ita ma ba ta musa ba.

Da yammar ranar da aka sake rufe haɗin, Baba ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakinta. Da can daga tsakar gida yake ƙwala mata kira. Yau gyaran murya ya yi, ya jira.

"Kin ji abin da aka faɗa rannan?" ya tambaya ta bayan ƙofa.

Ta amsa daga ciki. "Na ji, Baba. Ka yafe mini."

"Ba ke za ki ce haka ba."

Bai tafi ba. Daga kicin aka ji Umma tana cewa Gwaggo ta zo ta gani, ruwa ya tafasa. Yarinyar ta tashi ta kama hannun ƙofar. Da ɗumi, don Baba na riƙe da shi ta waje.