Kafaɗar Golan Don Eusebio

Ranar Lahadi in an taso daga coci, ba a wata magana a gidan Don Eusebio sai ta ƙwallo. Shi ne mai kulob ɗin garin, ɗan ƙaramin kulob mai fili ɗaya da tsohuwar bas da ke tari a kowane hawa, amma in ka ji yana kurara shi sai ka rantse kofin duniya na ajiye a ɗakinsa. Abin da ke riƙe da kulob ɗin kuwa sananne ne: a raini yaro, ya goge, a sayar wa manya. Wannan aiki a hannun 'yarsa Araceli yake. Ita ke ciniki, ita ke tsara kwantiragi.

Wata Lahadi mahaifiyarta, Doña Chayo, tana cikin zuba farfesun akuya sai ga Rigo, yayan Araceli, ya faɗo falon yana washe baki.

"Albishirinku! Mutanen kulob ɗin Sonora sun amince, jibi wakilinsu Don Lauro zai zo ɗaukar Fermín!"

Cokali ya suɓuce daga hannun Araceli. Doña Chayo ta saki guɗa.

"To, ƙanwata, ga kuɗi ga miji," in ji Rigo. "Wa ya kai ki sa'a? Ki sayar da saurayi, ki kuma aure shi!"

"Yaya, ka bari mana!"

Fermín shi ne golan kulob ɗin, kuma shekara biyu ke nan suna son juna da Araceli, so mai kunya wanda duk garin ya sani. Sai dai Don Eusebio ya kafa doka: ɗan wasan da ke cin albashinsa ba zai nemi auren 'yarsa ba, kada a ce don surukuta ake sa shi a raga. Ko dai Fermín ya bar kulob ɗin, ko a haƙura da aure. Shi kuwa tsohon, in ya furta magana ko limamin coci ba ya tanƙwara shi.

Washegari da hantsi Araceli ta leƙa filin atisaye, zuciyarta fari ƙal. Daga nesa ta hango Fermín ya yi tsalle ya ture ƙwallo, ya sauko yana cije leɓe, hannun dama a manne da ƙirji. Ta tare shi a bakin raga.

"Ɗaga hannunka in gani."

"Haba, ranki ya daɗe, sayena za ki yi?"

"Fermín, ɗaga!"

Ya ɗaga, bai kai kunne ba zufa ta keto masa. Ashe tun wasan makon jiya kafaɗar ta goce, ya ɓoye. Rigo ya sani, har ya shirya da mai yi wa 'yan wasa tausa a danna masa allurar kashe zafi ranar gwaji.

"Likitansu gwiwa da zuciya kawai yake dubawa," in ji Rigo da ya iso. "A sa hannu, in ya je can su yi jinyarsa. Su ai suna da kuɗi."

"In ya ci gaba da faɗuwa a kanta fa?" in ji Araceli.

"Zan jure," Fermín ya faɗa a hankali. "Na gaji da gaishe ki daga bayan shingen fili kamar ɗan kallo. Ki yi shiru na kwana ɗaya kawai, Cheli."

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Tana son auren nan kamar ranta, har ta zaɓi rigar a zuciyarta.

"Ba na son mijin da zai kasa ɗaga ɗansa sama saboda ni," ta ce, ta juya.

Ranar da Don Lauro ya zo, da ƙatuwar hularsa da alƙalami a aljihu, an baje masa abinci ana ta raha. Ya miƙa hannu zai karɓi takarda, sai Araceli ta dafe ta.

"Ranka ya daɗe, kafaɗar golan nan ba lafiya. Sai ya yi wata huɗu yana jinya."

Don Lauro ya mayar da alƙalaminsa, ya yi godiyar abinci, ya ce shi gola yake nema na yanzu. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Rigo ya hau sababi.

"Kin kashe mu! Kin zubar da cinikin shekara, kin zubar da aurenki, don a ce ke waliyyiya ce?"

Don Eusebio ya ɗauki hularsa ya fita, kuma wannan fitar ta fi zagin Rigo ciwo. Araceli ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka mai isarta.

"Yi haƙuri, 'yar nan," in ji Doña Chayo tana shafa kanta. "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Haka aka shiga watannin jinya. Fermín ya yi fushi na mako ɗaya, daga baya ya dawo da kansa yana sunkuyar da kai. Kullum Araceli na aika masa romon ƙashi, shi kuma yana zaune a benci yana yi wa ƙaramin gola ihu kamar shi ne koci. Labari ya bazu har garuruwan maƙwabta, masu sayen 'yan wasa suka fara cewa in yarinyar nan ta ce yaro lafiyayye ne, ba sai an kira likita ba. Kafin kaka ta ƙare ta sayar da 'yan baya biyu da daraja, har Rigo ya koma kiranta shugaba, ba kunya ba tsoron Allah.

Ranar da Fermín ya koma raga ya tare fenariti, Don Eusebio ya tara iyalinsa a teburi, ya sa aka kira golan.

"Cheli, yaushe kwantiragin yaron nan zai ƙare?"

"Ƙarshen Mayu, Baba. Ya kamata a sabunta tun yanzu, in ba haka ba zai tafi kyauta."

"Kada ki sabunta."

"Baba!" Rigo ya zabura. "Kowa zai iya ɗauke shi ba ko peso ɗaya!"

"Zauna, sarkin gaggawa. Na ce ɗan wasana ba zai nemi 'yata ba, kuma ban janye ba. A watan Yuni ba ɗan wasan kowa ba ne. Ya turo iyayensa, a yi biki. In Yuli ya kama, ya zo a sa sabon hannu."

"Surutun mutane fa?" in ji Doña Chayo tana danne dariya.

"Yarinyar da ta ture aurenta don kada ta cuci baƙo, wa zai ce za ta cuci garinsu? Mai son golan nan kuwa, ya zo ya ƙwace shi daga hannun matarsa in ya isa!"

Fermín ya durƙusa yana godiya. Araceli ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka tana dariya, tsohon kuwa ya hau tarin ƙarya yana cewa yaji ne ya shigar masa ido.

'Yan uwana matasa, ku riƙe wannan: soyayyar da aka gina a kan ƙarya ba ta kai wa damina biyu. Araceli ta gwammace ta rasa aure da ta cuci masoyinta, ta yi haƙuri, sai Allah ya bar mata shi a garinsu, da lafiyarsa, da albarkar iyaye. A ranar bikin, da wannan hannun na dama ya ɗaga ta sama a ƙofar coci.